Kankare mai zaren roba

Kankare mai zaren roba shi ne wanda ake cuɗa gajerun zaruruwan tsohuwar roba a cikin kwaɓinsa na siminti da yashi da tsakuwa, domin rage tsagewa. Kankare yana jure danniya ƙwarai, amma a wajen ja ƙarfinsa bai wuce kusan kashi 1 cikin 10 na hakan ba, shi ya sa yake darewa. Idan tsaga ta fara, zaren yakan riƙe gefunanta biyu ya hana ta buɗewa, aikin da ramno yake yi a ginin ƙasa.

Roba iri biyu aka fi amfani da su: PET ta gorunan ruwa da lemo, da kuma polifurofilin, irin robar da ake yin bokiti da murfin gora da ita. Ana wanke ta, a niƙa, a narkar, a ja ta ta zama zare, sannan a yayyanka, galibi tsawon milimita 30 zuwa 60. Da yake roba tana da santsi, siminti ba ya kama ta sosai, don haka akan yi wa zaren gargada ko a lanƙwasa shi. Kaɗan ake zubawa, yawanci bai haura kashi 1 cikin 100 na kwaɓin ba. In aka cika hannu, zaren yakan dunƙule, kwaɓin ya ƙi bin shebur, kankaren ma ya rage ƙarfi.

A Japan an yi amfani da zaren PET a kankaren da ake fesawa a mahaƙar zinariya ta Hishikari. A Ostareliya kuwa, binciken Jami'ar James Cook tare da kamfanin Fibercon ya samar da Emesh, zaren polifurofilin da ke maye gurbin ragar ƙarfe a hanyoyin masu tafiya a ƙasa.

Roba ba ta tsatsa, abin da ke da amfani a bakin teku da magudanun ruwa. Sai dai tana miƙewa fiye da ƙarfe nesa ba kusa ba, saboda haka ba ta tsayawa a madadin rodi a ginshiƙi ko dakin, wato rufin kankare. Wurinta daɓe ne da dakali da kwalbati. Akwai kuma matsalar PET: kaifin sinadarin siminti yana iya cin ta a hankali, alhali polifurofilin ba ta damuwa da shi, ko da yake ita tana narkewa a zafin da bai kai digiri 170 ba.