Me ake nufi da "ingancin rayuwa" a wurin tsofaffi?

Kwanan nan da wuya ka murɗa rediyo a Kano ko Dutse ba ka ji wani yana "inganta rayuwar tsofaffi" ba. Kansila ya raba kwanon gero a mazaɓa, an inganta rayuwa. Wata ƙungiya ta kai barguna da sabulu gidan gajiyayyu na Shahuci, an ɗauki hoto, an inganta rayuwa. Abin ya fi ƙamari idan 1 ga Oktoba ta zagayo, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa tsofaffi tun 1990.

Geron da bargon tallafi ne, Allah ya saka wa wanda ya bayar. Amma ingancin rayuwa magana ce ta masana kiwon lafiya, kuma tana da ma'auninta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi da cewa yadda mutum da kansa yake ganin matsayinsa a rayuwa, gwargwadon al'adarsa da abin da ya ɗauka da daraja da abin da yake buri. Wato mai bayarwa ba shi da hurumin cewa ya inganta rayuwar kowa. Tsohon ake tambaya. Hukumar tana da takardar tambayoyi 26 ta kowa da kowa, sannan da ƙarin 24 na tsofaffi kaɗai, waɗanda suka taɓo gani da ji, da shiga jama'a, da samun wanda aka shaƙu da shi, da kuma ikon mutum ya yanke wa kansa shawara.

Wannan na ƙarshe shi ne inda muke tafka kuskure, kuma da kyakkyawar niyya muke tafka shi.

A 1976 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Ellen Langer da Judith Rodin, sun wallafa wani bincike da suka yi a gidan kula da tsofaffi a Amurka. Mazauna wani hawa na benen an ce musu: ku zaɓi shukar da kuke so, ku za ku riƙa ba ta ruwa, ku tsara ɗakinku yadda ya yi muku, ku zaɓi daren da za ku kalli fim. Na ɗaya hawan kuwa an miƙa musu shuka aka ce ma'aikata za su kula da ita, su dai su huta. Abinci ɗaya, magani ɗaya, gado iri ɗaya. Rukunin farko suka fi walwala da kuzari. Bayan wata 18, kashi 15 cikin ɗari nasu ne suka rasu, ɗaya rukunin kashi 30. Mutanen ba su kai ɗari ba, don haka kada a mai da alƙaluman nassi, kuma ajali na Allah ne. Amma abin da aka gwada ɗin kowa ya san shi a ƙauyenmu.

A karkarar Gaya ko Ringim ko Gumel ba mu da gidajen tsofaffi, har tutiya muke da haka: "Mu ba ma kai iyayenmu gidan gajiyayyu." To madalla. Sai dai je ka duba ɗakin can na ƙuryar gida. Ɗa ya samu kuɗi a ci-rani, ya dawo ya ce, "Inna, daga yau kin daina wahala." Ya sayar da awakinta biyu, ya hana ta dakan kuka da sayar da daddawa, wai kada a ce ɗanta ya gaza. Da tana da 'yan kuɗinta a ƙulle a bakin zane, tana yin biki, tana ba jika na alewa, mata suna shigowa ciniki ana hira. Yanzu tuwo yana zuwa mata a kan lokaci, amma ko goro sai ta roƙi suruka. Baba ma haka: an karɓe gonar, an daina neman shawararsa ko a kan ranar shuka, sai dai ya ji an ɗaura auren jika. A ganina wannan gidan gajiyayyu ne, allo kawai ba a kafa masa a ƙofa ba.

Akwai kuma abubuwan jiki da ake jingina wa tsufa alhali suna da magani. Yanar ido aiki ne na ɗan lokaci a asibitin ido, amma dattijo zai shekara biyar a tabarma ana cewa "ai girma ne." Da idon ya tafi, masallaci ya tafi, majalisar bakin kasuwa ta tafi, ya koma sai yaro ya ja masa sanda. Mai ciwon gwiwa tsuguno a masai azaba ne gare shi, har ya riƙa rage shan ruwa don gudun zagayawa, a zafin Afrilu. Wanda haƙoransa suka zube ana ajiye masa abin da kowa ya ci, ba a tambaye shi ko yana iya taunawa ba. Kujerar katako mai rami a tsakiya ta zama a masai da abin riƙewa a bango ba su kai kuɗin buhun shinkafa ba, sai dai ba wanda zai kira 'yan jarida a kansu.

A cikin waɗancan tambayoyi 24 har da yadda tsoho yake ji game da mutuwa, kuma na ga hikimar sa shi. Tsofaffinmu suna son yin wannan magana: bashin wane da ba a biya ba, wa zai yi musu wanka, a ina likkafanin da suka saya yake. Da sun fara sai mu tare su da "Haba Baba, Allah ya ja kwana," mu tashi mu fita. Shi kuma yana kwana da abin a ransa, don wasiyya yake son bari ba a tsaya an saurare shi ba.