Yashin tankin kifin ruwan gishiri: a karanta kafin a sake tambaya

Zan iya zuba yashin gini ko na kogi?

A'a. Akwai laka da dattin da ba ka san asalinsu ba. Nemi aragonait, yashin kalsiyam kabonet, irin abin da murjani ke gina ƙashinsa da shi.

To aragonait zai riƙe min pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, kada ya sauka?

Kaɗan ƙwarai. Sai ya narke yake taimakawa, kuma a pH 8.1 zuwa 8.3 na ruwan tanki da kyar yake narkewa. Ci gaba da gwada ruwanka, kada ka yi lalaci.

Baƙin yashi fa?

Wani yana da ƙarfe a ciki. Ya manne wa mayen ƙarfen goge gilashi, ka wayi gari gilashinka duk ya karce.

Mai laushi ko mai tsakuwa, kuma zurfin nawa?

Nan ba amsa ɗaya. Fara da kifin da za ka ajiye. Wasu irin wrasse a cikin yashi suke binne kansu su kwana, goby kuma da baki yake tace shi. Tsakuwar murjani za ta iya ji musu ciwo, ga tarin kashi da ragowar abinci da take ɓoyewa a tsakaninta. Amma mai laushi kamar gari shi ma da nasa aibun: in famfonka na da ƙarfi, zai yi ta kwashe shi yana tarawa a kusurwa, har ya lulluɓe murjani. Shi ya sa nakan ce wa yawancin mutane su ɗauki mai ƙwayar milimita 1 zuwa 2, zurfin santimita 2 zuwa 5, su riƙa zuƙe dattinsa lokacin canjin ruwa. Masu shimfiɗa santimita 10 zuwa 15 don bakteriya su rage naitiret, sinadarin da dattin kifi ke zama a ƙarshe, suna da hujja, wasu ma ya yi musu kyau. Sai dai ba a tona irin wannan. In aka tona, warin ruɓaɓɓen ƙwai zai iya tasowa, kuma guba ce ga kifi. Sabon shiga, ban ba ka shawarar wannan ba.

Yashi mai rai, wato wanda ake sayarwa a jiƙe da bakteriya masu amfani a ciki, a wanke shi?

Haba! Bakteriyar da ka biya kuɗi dominta za ka zubar? Busasshe ake wankewa a bokiti har ruwan ya yi garau. Kuma ko mai rai ne, kada ka jefa kifi washegari. Jira amoniya da naitirait (ba naitiret ba), gubobin da ke fitowa daga dattin kifi, su koma sifili a gwajin ruwa.

Na zuba, ruwan ya yi fari fat!

Kwantar da hankalinka, ƙura ce. Bar matacin ruwa yana aiki, cikin 'yan kwanaki zai washe.

Dutse ko yashi, wanne ake fara sawa?

Dutse, a kan gilashin ƙasa. In ka ɗora shi kan yashi, goby ya haƙa ƙarƙashinsa, ya rufto.