Waiwaye kan sarautar Magajiya

A Damagaram yau, idan aka ambaci Magajiya a tsakanin matasa, da yawansu ba fada suke tunawa ba, hankalinsu yakan tafi ga shugabar matan da ke zaman kansu a bakin tasha ko bayan gari. Wannan abu yana damuna, domin kalmar ta fito ne daga gidan sarauta, kuma ta daɗe tana ɗauke da iko kafin a kai ta inda take yanzu.

Tushenta gado ne. Wanda ya gaji wani shi ne magaji, mace kuwa magajiya, kamar yadda ake cewa mahaifi da mahaifiya. Saboda haka sunan tun farko yana nuna macen da ke da haƙƙi a gidan mulki ta jini, ba ta hanyar aure ba, kuma a nan ne ta bambanta da matar sarki.

Daura ce gidan wannan sarauta. Tarihin baka na can ya nuna cewa mata ne suka riƙa mulki ɗaya bayan ɗaya, ana kiran kowacce Magajiya, har zuwa Daurama, wadda a zamaninta Bayajida ya kashe macijin rijiyar Kusugu. Daga nan mulki ya koma hannun maza, amma sarautar ba ta mutu ba. Magajiya ta ci gaba da zama babbar mace a gidan sarauta, tana da bayinta da talakawanta, ana jin maganarta kan naɗi, kuma masana da suka tattara tarihin Daura sun rubuta cewa tana da ikon tsawata wa sarki in ya kauce hanya. Labarin bai yi nisa da mu ba, domin bayan jihadin Shehu Usman Ɗan Fodiyo gidan Haɓe na Daura ya watse zuwa Zango da Baure, waɗanda suka zauna ƙarƙashin inuwar Damagaram, musamman a zamanin Sarki Tanimun, har Turawan Ingila suka mai da reshen Zango Daura a 1906.

Jihadin ne ya raba hanyar sarautun mata gida biyu. A ƙasashen da suka shiga daular Sakkwato an miƙa wasu daga cikinsu ga maza, shi ya sa Iyan Zazzau namiji ne. A wannan ɓangaren iyaka na Nijar kuwa Iya ta Maradi da Inna ta Gobir a Tsibiri sun ci gaba da zama mata, suna shugabantar mata da 'yan bori.

Akwai masu haɗa Magajiya da Magira saboda kamar da suke yi a kunne, alhali Magira kalmar Barebari ce, sarautar uwar Mai na Barno, kuma daga Barno fadarmu ta ɗauko sunaye irin su Ciroma da Yarima da Kaigama.

Yadda sunan ya sauka zuwa bariki ya biyo aikin da mai sarautar take yi ne. Da yake ita ce ke kula da al'amuran mata marasa aure da masu bori, tana sasanta rigimarsu, tana karɓar abin da suke biya, sai kowane rukunin mata a sababbin garuruwan zamanin Turawa ya riƙa kiran shugabarsa Magajiya, ko da ba ta da dangantaka da fada. Har jam'iyyun siyasa sun ari sunan ga jagorar matansu.