Me Ya Sa Kuɗin Inshorar Lafiyar Yara Ya Tashi a Amurka Bayan Dokar Obamacare?

A Amurka, wanda ba shi da inshorar lafiya yana iya shiga asibiti da rashin lafiya ya fito da bashin da zai yi shekaru yana biya. Shi ya sa iyaye ke biyan kamfanin inshora wani kuɗi duk wata, ko yaro ya kwanta ko bai kwanta ba. Wannan kuɗi na wata-wata ne iyalai da dama suka ga ya haura bayan gyaran da aka yi wa tsarin kiwon lafiya.

Wace doka ake nufi, kuma me ta sauya game da yara?

Ita ce dokar da Shugaba Barack Obama ya rattaba wa hannu ranar 23 ga Maris, 2010, wadda jama'a suka laƙaba wa suna Obamacare. Kafin zuwanta, kamfani na iya ƙin karɓar yaron da aka haifa da ciwon zuciya ko sikila, ko ya karɓe shi amma ya rubuta cewa ba zai biya kuɗin maganin fukar da ya zo da ita ba. Daga 23 ga Satumba, 2010 aka haramta wannan ga duk wanda bai kai shekara 19 ba. Dokar ta kuma hana a ƙayyade iyakar abin da za a kashe wa mutum a tsawon rayuwarsa, ta wajabta a yi wa yara rigakafi da duba lafiyarsu ba tare da iyaye sun sa hannu a aljihu ba, sannan daga 2014 ta sanya kula da haƙori da idon yara cikin abubuwa goma da dole inshorar ta ƙunsa.

Idan don sauƙi aka yi ta, ta yaya ta jawo tsada?

Kamfanin inshora tukunya ɗaya yake zuba kuɗin kowa, daga ciki yake ɗebowa ya biya wa wanda ya kwanta. Da aka buɗe ƙofa ga yara masu larura, aka kuma ƙara yawan abubuwan da za a biya, sai abin da ke fita daga tukunyar ya ƙaru, nauyin ya watsu a kan masu lafiya. Arhar da iyayen yara lafiyayyu suka saba da ita a da, wani ɓangare nata daga korar marasa lafiya ya samo asali.

Matsalar farko ma ba ta farashi ba ce. A kakar 2010, manyan kamfanoni irin su Aetna da Cigna da Humana suka daina sayar da inshorar da ake yi wa yaro shi kaɗai a jihohi da dama, suna cewa iyaye za su jira sai ciwo ya kama yaro sannan su garzayo. Jihar Kalifoniya ta mayar da martani da dokar da ta ce kamfanin da ya ƙi sayar wa yara za a kore shi daga kasuwar masu sayen inshora da kansu har shekara biyar.

Me ya faru a 2018 da ya sa koke ya yi yawa?

A nan ne ainihin maganar take, kuma lissafi ne tsagwaronsa. Tun 2014, abubuwa huɗu kawai aka yarda kamfani ya duba wajen yanke farashi: shekaru, yankin da mutum yake zaune, shan taba, da yawan mutanen da ke cikin inshorar. Gwamnatin tarayya ta fitar da ma'aunin shekaru, inda aka ɗauki ɗan shekara 21 a matsayin mudun awo, watau 1, mai shekara 64 kuma ba zai wuce ninki uku ba. Daga 2014 zuwa 2017, duk wanda bai kai 21 ba, jariri ne ko ɗan jami'a, an ajiye shi a kan 0.635.

A ƙarshen 2016 hukumar da ke kula da shirin ta sauya ma'aunin, sauyin ya fara aiki a 2018. Yara daga haihuwa zuwa shekara 14 suka koma 0.765, daga nan abin ya riƙa hawa shekara-shekara, ɗan 15 a kan 0.833, ɗan 18 a kan 0.913, ɗan 20 a kan 0.970.

A ɗauka, a matsayin misali, cewa ɗan shekara 21 yana biyan dala 300 a wata. Uwa mai yarinya 'yar shekara bakwai da ta saba ganin dala 190.50 a takardar da ake aiko mata, sai ta buɗe ta sabuwar shekara ta tarar da 229.50, ƙarin kusan kashi 20 cikin ɗari, alhali yarinyar ko mura ba ta yi ba. Idan 'ya'yanta uku ne a wannan rukuni, ƙarin ya kai dala 1,404 a shekara. Wanda ɗansa ke da shekara 20 kuwa, daga 190.50 ya koma 291, fiye da rabi ke nan aka ɗora masa.

Sai kuma aka yi rashin sa'a, shi kansa mudun awon ya tashi a wannan shekara, domin a Oktoba 2017 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da wasu kuɗaɗe da take biyan kamfanoni don rage wa masu ƙaramin ƙarfi ɗawainiyar asibiti, su kuwa kamfanonin suka huce a kan farashi. Ƙari biyu suka haɗu a takarda guda.

Wace hujja hukuma ta bayar?

Biyu ce. Ta farko, tsohon ma'aunin ya yi ƙasa da abin da ake kashewa a kan yara a zahiri, musamman jarirai. Ta biyu, a tsohon tsari yaro na cika shekara 21 sai kuɗinsa ya yi tsalle da kashi 57 cikin ɗari a tashi ɗaya. A ganina hujja ta biyu ba ta da wani armashi a wurin iyaye, domin ba a cire tsallen ba, an dai rarraba shi ne aka fara karɓarsa tun yaro na shekara 15.

Kowane iyali ne ya ji a jikinsa?

A'a. Yara fiye da miliyan 30 suna ƙarƙashin Medicaid, inshorar da gwamnati ke yi wa masu ƙaramin ƙarfi, ko kuma CHIP, shirin da aka kafa a 1997 don 'ya'yan waɗanda ba su da hali sosai, kuma wannan ma'auni bai shafe su ba. Haka ma 'ya'yan ma'aikatan manyan kamfanoni da ke samun inshora ta wurin aiki. Jihohin New York da Vermont kuwa ba sa bambanta farashi da shekaru.

Su ma masu sayen inshora a kasuwar da gwamnati ta buɗe ƙarƙashin dokar, waɗanda ke samun tallafi, galibi ƙarin bai taɓa su sosai ba, tunda abin da za su biya da kuɗin shigarsu ake auna shi, gwamnati ta cike sauran. Waɗanda suka sha wuya su ne na tsaka-tsaki, manoma da 'yan kasuwa da masu sana'ar kansu da samunsu ya wuce ninki huɗu na adadin samun da gwamnati ta ƙayyade a matsayin ma'aunin talauci ko da da dala ɗaya ne, domin daga nan tallafi ya yanke. A 2021 aka ɗage wannan iyaka, aka ce kada iyali ya biya fiye da kashi 8.5 cikin ɗari na samunsa a kan inshorar da gwamnati ke auna tallafi da ita, amma sassaucin na wucin gadi ne, an tsawaita shi ne zuwa ƙarshen 2025.

To mai 'ya'ya shida ko takwas fa, kowane kai zai biya wa?

Ba zai biya ba. Cikin 'ya'yan da ba su kai shekara 21 ba, manya uku kawai ake lissafawa, na huɗu zuwa ƙasa suna cikin inshorar ba tare da ƙarin ko sisi ba. Sai dai tunda manyan ake ƙirgawa, kuma su ne sabon ma'aunin ya fi ɗora wa kuɗi, gidan da ke da 'yan shekara 16 da 18 da 20 ya fi gidan ƙananan yara biya nesa ba kusa ba. Kuma ko da yake doka ta ba ɗa damar zama a inshorar iyayensa har shekara 26, da zarar ya cika 21 kuɗin babba ake caja a kansa, ƙaninsa da ake ɗauka kyauta kuma ya matso cikin ukun da ake biya wa.