Waiwaye: Yadda ake koyon tsoro, da yadda yake yaɗuwa

Hausawa sun daɗe da cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Sai a farkon ƙarni na 20 masana halayyar ɗan Adam suka fara auna abin a ɗakin gwaji.

Ivan Pavlov na Rasha ne ya share fage. Ya nuna cewa in aka riƙa haɗa wani sauti da abinci, kare zai fara dalalar da miyau da jin sautin kaɗai. A 1920 John Watson da Rosalie Rayner na jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka gwada wannan da tsoro, a kan wani jariri da suka laƙaba wa suna Albert. Da farko yaron har hannu yake kai wa farin ɓera. Yana da wata 11 suka fara buga guduma a kan ƙarfe a bayan kansa duk sa'ad da ɓeran ya bayyana. Bayan karo bakwai, ganin ɓeran kawai sai ya ɓarke da kuka yana rarrafe ya tsere. Tsoron bai tsaya a nan ba, ya tsallaka kan zomo da kare da rigar gashi. Aka tafi da shi daga asibitin da ake gwajin ba a warware masa komai ba. Yau babu kwamitin da zai yarda a yi wa yaro haka, kuma gwaji a kan jariri ɗaya tak bai kai hujjar da littattafai suka mai da shi ba.

Aikin da ya fi amfani na Mary Cover Jones ne a 1924. Wani yaro, Peter, yana tsoron zomo, sai ta riƙa matso da zomon kaɗan-kaɗan yana cin abin da yake so, har ya kai ga shafa shi. Hobart Mowrer ya bayyana abin da ke sa tsoro ya daɗe: duk gudun da mutum ya yi yana samun sauƙi nan take, don haka ba ya tsayawa ya gane babu haɗari. A kan irin wannan tushe Joseph Wolpe, ɗan Afirka ta Kudu, ya gina hanyarsa ta warkar da masu tsoro a shekarun 1950.

Ba kowane tsoro ne ke kamawa daidai ba. Susan Mineka ta nuna wa birai da aka haifa a ɗakin gwaji bidiyon 'yan uwansu suna firgita da ganin maciji. Suka ɗauki tsoron maciji nan da nan, amma da aka gyara bidiyon ya zama fure ake tsoro, ko a jikinsu.