Renon Ɗalibai a Fagen Kimiyya

Renon ɗalibai a fagen kimiyya shi ne masani ya ja mai tasowa a jiki, ya koya masa bincike ta hanyar yin aiki tare da shi. Akan haɗa shi da fitar masana daga ɗakunan gwaji zuwa makarantu da unguwannin da ke kewaye da su. Tushen abin shi ne akwai ilimin da littafi ba ya ɗauka: yadda ake sarrafa na'ura, yadda ake zargin sakamakon da kyansa ya yi yawa, da sanin lokacin da za a haƙura da wata tambaya. Irin wannan sai a gaban gwani ake samunsa, kamar kowace sana'ar hannu.

Tarihi

Misalin da aka fi kawowa shi ne na masanin kimiyyar Ingila Michael Faraday, ɗan maƙeri da bai yi nisa a makaranta ba. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai a Landan. A 1812 ya halarci laccocin masanin kemistiri Humphry Davy a cibiyar kimiyya ta Royal Institution, ya rubuta abin da ya ji, ya ɗinke shi ya zama littafi, ya aika wa Davy yana neman aiki. A 1813 aka ɗauke shi mataimaki a ɗakin gwaji. Zaman nasu bai ƙare da daɗi ba, domin da yaron ya fara yin suna, Davy ya yi adawa da shigarsa ƙungiyar manyan masana kimiyya ta Royal Society, ko da yake an zaɓe shi a 1824. A 1825 aka fara laccocin Kirsimeti na yara a cibiyar, Faraday ya gabatar da su sau 19, kuma har yau ana yin su.

A Faris kuwa, wajen 1907, masaniyar kimiyya Marie Curie da abokan aikinta sun haɗa 'ya'yansu suna koyar da su da kansu: ita fiziks, Jean Perrin kemistiri, Paul Langevin lissafi. Cikin yaran akwai 'yarta Irène, wadda ta ci kyautar Nobel a 1935. Binciken da Harriet Zuckerman ta wallafa a 1977 ya nuna cewa fiye da rabin waɗanda suka ci Nobel a kimiyya a Amurka sun taɓa aiki a ƙarƙashin wani mai kyautar. Ba koyarwa kaɗai ta jawo haka ba. Manyan malamai su ke tsince ɗalibai mafiya hazaƙa, su kuma buɗe musu ƙofofi.

A makarantu

Wani dalilin kai masana aji shi ne hoton da yara suke da shi a ransu. A binciken David Chambers na 1983, an ce wa yara kusan 5,000 su zana masanin kimiyya. Guda 28 kacal suka zana mace, kuma dukkansu 'yan mata ne. Yaron da bai taɓa ganin masani mai kama da shi ba, da wuya ya yi sha'awar zama ɗaya.

Shirin GLOBE, wanda ya fara a 1995 da hannun NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, yana sa ɗalibai a ƙasashe fiye da 100 su auna ruwan sama da zafi da ingancin ruwa, su shigar da alƙaluman a rumbun da masana ke amfani da shi. Tun 1997 kuma hukumar NSF mai ba da kuɗin bincike a Amurka take tambayar mai neman tallafi amfanin da aikinsa zai yi wa jama'a.

Da al'umma

A nan ba kullum masani ke bayarwa ba. Ƙidayar tsuntsaye ta Kirsimeti, wadda Frank Chapman ya fara a 1900, masu sa kai ne ke riƙe da ita. A birnin Flint na Amurka, bayan an sauya hanyar ruwan sha a 2014, mazauna garin ne suka fara kuka. A 2015 suka ɗebi ruwan famfunan gidajensu suka aika wa ayarin Marc Edwards na jami'ar Virginia Tech, gwaji kuma ya tabbatar da dalma mai yawa a ciki, alhali jami'ai suna cewa ruwan lafiya lau.

Matsaloli

Jami'o'i galibi da yawan wallafe-wallafe suke ƙara wa malami girma, don haka lokacin da ya kashe a makarantar sakandare daga jikinsa yake fita. Ziyarar rana ɗaya, a kunna wuta mai launi yara su yi tafi, tana burgewa amma tasirinta ba ya daɗewa idan ba a horar da malamin ajin ba. Makarantun da ke kusa da jami'o'i su suka fi samun baƙi. Sannan ɗalibin da digirinsa da takardar shaidarsa suke hannun mutum ɗaya ba shi da bakin ƙorafi, shi ya sa jami'o'i da dama ke naɗa wa ɗalibin digirin digirgir kwamitin malamai maimakon mai duba aiki guda.