Waiwaye: Tun yaushe tsaron ran lebura ya koma wuyansa a gine-ginen Saudiyya?

Tun da aka tabbatar a Disambar 2024 cewa Saudiyya ce za ta karɓi gasar cin kofin duniya ta 2034, maganar lafiyar masu aikin gini ta ƙi kwanciya. A zaurukan WhatsApp na 'yan uwa mazauna Makka da Jidda da Riyad an rabu biyu. Wasu na cewa ba a taɓa tsananta dokar salama, wato kariyar lafiya a wurin aiki, kamar yanzu ba, don babu wanda zai taka babban wurin aiki ba tare da hular kwano da takalmin ƙarfe ba. Wasu kuma na lissafa waɗanda suka sani da suka faɗo daga saƙala, wato dandamalin da magina ke hawa su yi aiki a sama, ko zafi ya kayar da su, aka yi jana'iza maganar ta bi ruwa. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Sai dai dukansu suna magana kamar abin ya faro ne da NEOM, sabon birnin da ake ginawa a arewa maso yammacin ƙasar, da filayen ƙwallo, alhali ya girmi waɗannan nesa ba kusa ba.

Abin da aka fi sani ba ya buƙatar dogon bayani. An samu fetur a Dammam a 1938, an soma faɗaɗa Haramin Makka a 1955, farashin mai ya yi tashin gwauron zabo daga 1973, ma'aikata suka kwararo daga Yaman da Masar da Pakistan da Indiya da Koriya ta Kudu. Ranar 11 ga Satumban 2015, cikin iska da ruwan sama, ƙugiyar ɗaga kaya ta faɗo a Harami, mutum sama da ɗari suka rasu. Yawancin masu waiwaye nan suke tsayawa.

Inda ya fi cancanta a tsaya shi ne tsakiyar shekarun 1970, kuma ba a kan manyan ayyuka ba, a kan gidajen zama na talakawa da masu matsakaicin hali.

Kafin lokacin, gini a Hijaz, yankin Makka da Jidda, sana'a ce mai shugabanci. Gidajen tsohuwar Jidda, masu hawa huɗu da biyar, da dutsen manƙabi na bakin teku aka ɗora su, ana ratsa katako a cikin bango, ana manna rawashin, wato tagogin katako masu ado, a fuskar gida. Mai jan aikin shi ne mu'allim, a samansa akwai shehin magina da ake kai wa ƙara idan an samu saɓani. Duk wanda ya san matsayin Sarkin Magina a Kano ko Zariya ya gane tsarin. Yaro yakan fara da ɗiban ruwa da kwaɓa da miƙa dutse, sai ya yi shekaru kafin a yarda ya hau sama. Kakanninmu da suka iso a ƙafa ta Sudan, suka tsallako teku daga tashar Sawakin, da yawansu ta wannan ƙofa suka shiga, daga dako da ga-ruwa zuwa leburanci. Ana faɗuwa a wancan zamani, ana mutuwa, kada a yi wa baya kwalliyar da ba ta da ita. Amma wanda ya ce "hau" ya san sunan wanda ya hau, ya san ubansa, kuma gobe a masallaci ɗaya za su yi sahu.

A 1974 aka kafa asusun ba 'yan ƙasa rancen gina gida, har riyal 300,000, babu ruwa, a biya cikin shekara 25. Alheri ne babba, iyalai marasa adadi suka mallaki muhalli ta dalilinsa. Abin da ya biyo baya a kasuwar gini shi ne ba a cika ba da labarinsa ba. Cikin ƙanƙanin lokaci kowa yana son gida, kuma na siminti da rodi da bulo. Mu'allaman dutse ba su kai yawan aikin ba, ilminsu ma bai dace da kankare ba. Ƙananan 'yan kwangila suka cike gurbin, wasu da gwaninta, wasu da mota ɗaya da katakon haya. Da su ne hanyar biyan kuɗi ta sauya: aka koma lissafi da mita.

Ga yadda abin yake har gobe. Mai gida zai yi ciniki da muƙawil, wato ɗan kwangila, a kan ginin azam, wato ƙashin gini kawai, mita kaza riyal kaza. Muƙawil ba shi da ma'aikata na dindindin, sai ya yanka aikin: kafinta ya karɓi nasa da mita, mai ɗaurin rodi haka, mai filasta haka, mai tayil haka. Kowannensu sai ya ɗebo 'yan yaumiyya, masu aikin yini, daga bakin titi da asuba. A kowane mataki wani ya cire ribarsa, kuma a cikin jingar babu layin da aka rubuta kuɗin igiyar ɗaure ƙugu, ko shingen bakin bene, ko ragar da za ta tare mai faɗowa. Wanda ya saye su daga aljihunsa ya saya. Mai filasta da ya tsaya ya ɗaure saƙala yadda ya kamata ya yi asarar rabin yini, kuma babu mai biyan sa wannan rabin yinin. Don haka sai ya ɗora katako a kan durom biyu ya hau. Ba jahilci ba ne ke sa shi, ya fi kowa sanin haɗarin. Lissafi ya yi, lissafin kuma ya nuna masa sauri ne ke ciyar da gida.

A wannan sarƙa ce koyon sana'a ya mutu. Ɗan yaumiyya yau yana Jidda wajen wannan, gobe wajen wancan, babu wanda zai ɓata lokaci ya nuna masa yadda ake taka dakin na kankare da bai bushe ba ko inda wayar wuta ta bi. Da ɗaruruwan dubban 'yan Yaman suka bar ƙasar a 1990, lokacin rikicin Kuwaiti, sun tafi da wani babban kaso na ƙwarewar da ta rage, waɗanda suka maye gurbinsu kuwa da yawa ba su taɓa riƙe cebur ba kafin su sauka daga jirgi. Sai ga cinikin biza, inda mutum ke cin bashi a gida ya sayi takarda, kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a takardar zama, daban, wurin aikinsa daban. Mai bashi a wuya ba ya cewa saƙala tana rawa.

Dokoki kam an yi, kuma masu amfani. Inshorar raunin aiki, wadda ake kira ta'aminat, wanda ya ɗauki ma'aikaci ne ke biyan kashi 2 cikin 100 na albashi, kuma ta haɗa har da baƙi. An sabunta dokar ƙwadago a 2005. An fara tsarin biyan albashi ta banki a 2013, an sassauta sharuɗɗan sauya kafili a Maris na 2021, an kafa majalisar ƙasa ta lafiya da tsaron ma'aikata a 2022. Duk shekara daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3. Duk waɗannan sun ginu ne a kan ma'aikaci mai suna a rajista da ubangida sananne. Tun gyaran takardun baƙi na 2013, an tsananta kama mai yin aiki wajen wanda ba kafilinsa ba, saboda haka wanda ya karye a irin wannan aiki yakan fi tsoron tarhil, wato kora zuwa gida, a kan karayar. Sai a kai shi wajen mai ɗori a unguwar Shara Mansur ta Makka ko Karantina ta Jidda, 'yan unguwa su yi karo-karo, muƙawil ya ba da abin da ya sawwaƙa, a ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma raunin bai shiga kowane lissafi ba, shi ya sa masu muhawara ke jifan juna da alƙaluman da ba su ƙunshi mutanenmu da yawa ba.

Hanin aikin rana ma haka yake. Ga mai albashin wata, hutu ne. Ga mai jinga, awa uku ce da zai rama bayan isha'i a ƙarƙashin fitila ɗaya, ga gajiya, ga laimar Jidda da ba ta duba agogo. Bayan Hajjin 2024, da zafi ya haura digiri 51 a Makka aka rasa alhazai sama da 1,300, babu mai musun abin da rana ke iya yi. Likitoci kuma sun daɗe suna danganta aikin ƙarfi cikin zafi da ƙishirwa da lalacewar ƙoda, wadda sau da yawa sai mutum ya koma gida take bayyana.

Matasanmu da suka samu shiga manyan ayyuka suna ba da labarin wani abu daban: taron minti goma kowace safiya kafin a taɓa kayan aiki, jami'in salama mai ikon tsayar da aiki, takardar izini kafin a hau sama, ruwan sanyi da inuwa. Ana iya yin waɗannan ne saboda tun a kwangila aka ware musu kuɗi da lokaci, kuma albashin ma'aikaci ba ya raguwa don an tsaya. A ginin gida mai hawa uku a gefen Makka, cinikin har yanzu mita ce da riyal, kuma yawancin Hausawan da ke cin abinci da gini a can suke.